Allon wuyan jitarka ba ƙishirwar mai yake ji ba

Wani matashi ne ya aiko da tambayar. Ya sayi jitar gwanjo wata huɗu da suka wuce, ya ce allon da ke kan wuyanta, inda yatsu ke danne tsirkiya, ya tara baƙar dauɗa a gindin kowane ƙarfe cikin waɗanda aka gitta a kansa, tsakiyar allon kuma ta yi furu-furu kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba. Da hunturu ya kankama sai bakin ƙarafunan ya fara kartar masa hannu. Wani abokinsa ya ce ya shafa man zaitun, wani ya ce ai man kaɗanya ya fi. Yana so ya san wanne zai shafa, kuma sau nawa.

Ƙanena, kada ka shafa ko ɗaya daga cikinsu. Kuma ka ɗan ajiye maganar mai a gefe tukuna, domin abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya. Akwai dauɗa, akwai furu-furun da allon ya yi, akwai ƙarafunan da ke yankar ka. Mai yana da ɗan amfani ne a na biyun kaɗai. Na farko wanki yake so, na uku kuwa maganar iska ce, ko kwalba guda ka juye ba zai canza komai ba.

Kafin ka taɓa komai, ka fara sanin wane irin allo ne a hannunka. Kai jitar bakin taga ka karkata ta ga haske. Idan allon fari ne mai ruwan ƙwai-ƙwai, yana ƙyalli kamar teburin da kafinta ya fesa wa banish, to katakon mepul ne, irin wanda kamfanin Fender ya yi suna da shi tun shekarun 1950. Wannan a rufe yake ruf. Yatsanka bai taɓa katakon ba, banish ɗin yake taɓawa, don haka mai ba shi da ƙofar shiga. In ka shafa, zama zai yi a sama ya kama ƙura. Ƙyalle mai ɗan danshi ya ishe shi. Idan kuwa allon mai duhu ne, ruwan ƙasa ko ja-ja, kana ganin ƙananan ramuka dogaye a jikinsa kamar an tsattsaga da allura, to rozwud ne ko wani ɗan'uwansa, kuma tsirara yake, ba a rufe shi da komai ba. Baƙi ƙirin mai santsi wanda ramukansa ba sa ganuwa sosai shi ne eboni, shi ma tsirara ake barin sa. Eboni dangin kanya ne, wannan dai kanyar da muke shan 'ya'yanta, sai dai wanda ake yi wa jita allo da shi daga dazukan kudancin Kamaru aka fi samo shi. Kamfanin Taylor na Amurka ma da abokin hulɗarsa sun sayi wata masana'antar yanka eboni a Yawunde a 2011 saboda wannan sana'ar.

Tunda ta gwanjo ce, akwai yiwuwar ba ko ɗaya daga cikin ukun ba ne. A farkon 2017 aka tsaurara dokar cinikin rozwud tsakanin ƙasashe, kamfanoni da yawa suka koma wasu itatuwa, kuma ko da aka sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019, da yawa ba su dawo ba. Jitoci masu araha kuwa sau tari farin katako ne aka rina ya koma baƙi. Za ka gane wannan idan ka goga farin ƙyalle mai danshi a can ƙarshen allo, inda yatsa ba ya zuwa, ka ga baƙi ya biyo ƙyallen alhali babu dauɗa a wurin. Irin wannan sai da lallami, kankara da ƙarfi tana fito da farin da ke ƙasa. Akwai kuma allon da ba katako ba ne sam, takarda ce aka matse da wani irin gam, ana kiran sa Richlite, kamfanin Martin na sa shi a wasu jitocinsa. Shi ba ya shan mai, ba ya buƙata.

Daga yadda ka kwatanta taka, da furu-furun nan, na fi zaton rozwud ne ko makamancinsa. Da wannan zan ci gaba.

Ka bari sai ranar da za ka canza tsirkiyoyi. Mutane na jin tsoron cire su duka shida a lokaci guda, wai wuyan zai lanƙwashe. Tsirkiyoyin jitar da ba ta lantarki ba suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, kuma akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ke tokare wannan jan, to shi ne ake ganin in an saki gefe ɗaya ɗayan zai yi ɓarna. Awa ɗaya ko biyu ba ya yin komai, na cire na mayar ba adadi. Abin da ya kamata ka kula da shi shi ne kayan da tsirkiya ce kaɗai ke riƙe da su. Farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa a kan gadar jita, wato abin da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a fuskar jitar, yana iya faɗowa, kuma yana da gaba da baya, in ka mayar da shi a juye sautin zai riƙa saɓawa ka rasa dalili. Ka ɗiga masa alama da fensir a gefen tsirkiya mai kauri. A wasu jitocin lantarki ma gadar gaba ɗaya zamewa take yi ta faɗi ta fasa fenti. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance, ka kuma sassauta tsirkiya a hankali, kada ka datse ta tana ɗaure.

Shimfiɗa tawul a tebur, ka naɗe wani ka tallafi wuyan. Yanzu ka dubi dauɗar da kyau. Gumi ne da gishirinsa, da maiƙon fata, da matacciyar fata, da ƙura, da man shafawar wanda ya riƙe jitar kafin kai, suka cakuɗa suka daskare suka zama annakiya. A gindin ƙarfe wani lokaci za ka ga ta yi kore-kore. Ƙarafunan nan da makaɗa ke kira firet, galibinsu haɗin tagulla ne da nikel da zinki, nikel ɗin kamar kashi 18 cikin ɗari, ko da yake sunan da ake sayar da su da shi yana ambaton azurfa, babu azurfa ko ƙwayar zarra a ciki. Tagullar ce ke haɗuwa da gishirin gumi ta ba da wannan koren.

Da busasshen hannu za ka fara. Samu tsohon katin banki ko katin layin waya, ka kwantar da gefensa a kan allon, ka tura daga tsakiya zuwa gindin ƙarfe, kana bin tsawon wuyan yadda jijiyar katakon ta kwanta. Za ka ga dauɗar tana tashi tana naɗewa kamar ana kankare ƙanzo. A kusurwar da ƙarfe ya haɗu da katako, ka sa tsinken sakace ko kusurwar katin. Sannan ka bi da tsohon buroshin haƙori mai taushi. Masu gyara suna amfani da reza a tsaye su kankare, ni ma ina yi, amma ban ba ka shawarar ka fara da ita ba. Hannu ya ɗan karkace kaɗan ka yi wa allon tsagar da za ka riƙa gani kullum.

Wannan aikin shi ne mai cin lokaci. Galibin jitoci suna da ƙarafuna 20 zuwa 24, kowanne da gefe biyu, kuma a nan ne mutane ke gajiya su ce bari su zuba mai ya ƙarasa. In ka zuba mai a kan dauɗa, dama ta kawai ka yi. Allon zai yi baƙi ya yi sheƙi, ka ji daɗi a ranar, bayan sati biyu yatsanka ya fara mannewa.

Abin da kati ya kasa ɗagawa, sai ƙyalle. Tsohuwar singileti ta auduga ta fi komai. Ka jiƙa gefe ɗaya da ruwa, ka matse har sai ba ɗigo ko ɗaya, ka naɗa a yatsa ka goge tsakanin ƙarfe biyu, nan take ka bi da busasshen gefen. Kada ruwa ya kwanta a gindin ƙarfe. Idan maiƙon ya yi taurin kai, abin da muke amfani da shi a wurin aiki shi ne man laita, wanda ake ɗura wa laitar Zippo. Yana narkar da maiƙo, yana bushewa cikin daƙiƙoƙi, kuma ba ya cin fentin jita. A ƙyalle za ka ɗiga, ba a kan allo ba, ka buɗe taga, kada kowa ya kunna ashana ko sigari kusa. Fetur ba madadinsa ba ne, kananzir ma haka, shi yana barin maiƙo da warin da zai zauna a akwatin jitar wata da watanni. Sifirit da ruwan tsaftace hannu mai barasa suna ɓata tsohon fenti irin na jitoci masu tsada, suna kuma ɗebe rini. Tina da ruwan goge farce kuwa narkar da fenti suke yi har da farar robar da aka yi wa gefen wuya ado da ita. Ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Bayan man laita, allon zai ƙara yin fari fiye da da. Kada ka firgita, maiƙon saman ne ya tafi.

Akwai soson ƙarfe mai laushi ƙwarai, wanda ake rubuta wa sifili huɗu, 0000, da shi ake goge ƙarafuna su yi ƙyalli. Ba soson wanke tukunya ba ne, wannan zai yi wa allonka zane kamar kyanwa ta bi ta kai. Idan ka samu na gaske, ka goga a tsawon wuya, kada ka gitta, kuma kada ya kusanci allon mepul mai banish domin zai dusashe shi. Jitar lantarki kuma sai ka rufe na'urorin ɗaukar sautin da salatif na takarda tukuna. A farkon koyona na taɓa yin wannan gangancin a jitar wani, na gama gogewa ina murna, na ɗaga kai na ga na'urorin sun yi gemu. Maganaɗisun da ke cikinsu ya janye duk garin ƙarfen. Yinin ranar a tsince shi da salatif ya ƙare, kuma wanda ya shige ciki har yau ban san inda ya kwana ba. Yanzu na fi son in rufe katakon da salatif in goge ƙarfen kaɗai da ƙyalle da ɗan man goge ƙarfe. Idan ba ka samu ko ɗaya ba, ka bar ƙarafunan haka, dusashewar launi ba ta hana su aiki.

To yanzu mai.

Man zaitun, man gyaɗa, man ja, man kaɗanya, man shanu, duk abinci ne, kuma abin da ke faruwa da su a kwalbar da ta daɗe a buɗe shi zai faru a cikin ramukan katakonka. Iska tana canza su, su yi wari, su yi danƙo. An taɓa kawo mini wata jita da mai ita ya ɗauki shekara yana shafa mata man gyaɗa duk ranar Juma'a, da kyakkyawar niyya, wai yana ciyar da katakon. Da na buɗe jakar warin tsohon ƙuli-ƙuli ne ya fara tarbata. Allon yana kama yatsa kamar an zuba zuma, ƙurar hunturu ta manne ta yi ɓawo, tsirkiyoyi masu kauri sun toshe sun daina amo. Uku daga cikin ƙarafunan kuma sun ɗaga. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin ɓarnar, kuma ba man gyaɗa kaɗai ke yin ta ba, kowane mai in ya yi yawa. Kowane ƙarfe yana da wata siririyar ƙafa mai ƙananan haƙora da aka buga cikin tsagar da aka yi wa allon, haƙoran nan ne ke cije katako su riƙe shi. Mai in ya gangara cikin tsagar yana tausasa katakon, haƙoran su rasa abin cizo. Daga nan sai ka ji wata tsirkiya tana zizara a wuri ɗaya. Kuma gyaran ya fi wuya, domin gam ba ya kama katakon da ya sha mai.

Abin da ya dace shi ne man da ba ya lalacewa, wato farin man ma'adini mara nauyi. Ba sai ka yi oda daga waje ba. A kyamis ana sayar da shi da sunan farafin na ruwa, wanda ake ba mai fama da taurin bayan gida. Man jarirai ma shi ne, an dai ƙara masa ƙamshi. Kwalaben da ake sayarwa a shagunan kayan kiɗa da sunan man lemun tsami, irin na Dunlop mai lamba 65, galibinsu wannan man ne aka sa masa launi da ƙamshin lemo, wasu da ɗan abin narkar da dauɗa. In kana da shi, yi amfani da shi. Amma kada sunan ya ruɗe ka ka je ka nemo ainihin man da ake tatsa daga ɓawon lemo, ko ka matse lemun tsami a kan allo. Na ga wanda ya yi. Kamfanin Martin ma ya daɗe yana gargaɗin masu jitocinsa game da man lemo, cewa yana iya taɓa fenti ya kuma gaggauta lalacewar ƙarafuna. Basilin, man juye, feshin sassauta tsatsa na WD-40 da feshin goge kujeru duk ka nisanta su. Feshin kujerun yawanci yana da silikon, wanda in ya shiga katako ko gam ko fenti ba sa ƙara zama a wurin. Man linsid da kafintoci ke amfani da shi wasu tsofaffin masu gyara suna son sa, amma shi daskarewa yake ya yi rufi, in ya yi yawa cire shi aiki ne, kuma tsumman da aka jiƙa da shi in aka dunƙule aka jefar yana iya kamawa da wuta da kansa. Ba na mai koyo ba ne.

Yawan da za ka sa zai yi maka kama da rowa. Ɗigo uku ko huɗu a kan ƙyalle, ba a kan allo ba, sun isa wuyan gaba ɗaya. Ka naɗa ƙyallen a yatsa, ka bi tsakanin ƙarafuna ɗaya bayan ɗaya, kana ganin launin yana dawowa a bayan yatsanka. Ka ba shi minti biyu zuwa biyar. Sannan ka ɗauki busasshen ƙyalle ka goge kamar kana so ka cire duk abin da ka sa. Ka jira minti goma ka sake dubawa, rozwud yakan yi gumin mai daga ramukansa, ka sake gogewa. Gwajin shi ne ka dangwala yatsa a allon ka dangwala a gilashin wayarka. In ya bar maiƙo, ba ka gama ba. Maganar a bar shi ya kwana yana sha, ka watsar da ita.

Sau ɗaya a shekara ya isa, sau biyu in kana yawan wanke allon da man laita. Ina da jitar da ta fi shekara uku ban sa mata ba, ba abin da ya same ta. Rozwud yana da nasa man a jikinsa, shi ya sa tun farko aka zaɓe shi ake barin sa tsirara, kuma yatsun mai kaɗawa kullum suna ƙara masa. Gaskiyar magana, amfanin man nan kusan duk na ido ne da na taɓawa. Allon yana da kauri kamar milimita 5 ko 6, man kuma a fatar sama yake tsayawa.

Wannan ya kawo mu ga ƙarafunan da ke kartar ka, kuma a nan ne nake so ka fi mai da hankali, domin shi ne abin da zai iya kashe jitar. Katako ko ya shekara hamsin da yankewa yana shan laima daga iska yana kuma saki. Manyan kamfanoni suna ƙera jita ne a ɗakin da laimar iskarsa ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma haka suke so a ajiye ta. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, tsakiyar hunturu laimar tana sauka ƙasa da kashi 20. Katakon da ke riƙe da ruwa kamar kashi 8 ko 9 na nauyinsa sai ya koma kashi 4 ko ƙasa. In ya saki ruwa yana tsukewa ta faɗi, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Tsukewar ba ta kai rabin milimita ba, amma ta isa bakin ƙarfen ya leƙo ya yanki hannu. Ruwa ne ya fita, kuma mai ba ya maye gurbin ruwa a cikin jijiyar katako. Eboni ya fi rozwud saurin nuna fushi, shi har tsagewa yake. Idan jitarka mai rami ce kuma fuskarta katako ne guda ba fale-fale ba, wannan bushewar ce ke fasa fuskar daga gada zuwa gindi, ko ta ɗaga gadar. Kusan duk jitar da aka kawo mini a fashe, tsakanin Janairu da Maris ne.

Maganin ba tsada. Ka daina rataye ta a bango ko jingine ta kusa da taga a wannan lokacin, ka mayar da ita akwatinta duk sanda ka gama. Samu robar ajiye sabulu mai murfi, ka huda murfin da ƙusa mai zafi wuri goma ko fiye, ka sa sabon soson katifa a ciki, ka jiƙa ka matse sosai yadda ko ka kifa ba zai ɗiga ba. Ka ajiye ta cikin akwatin a ƙarƙashin kan jitar, inda ba ta taɓa katako. Duk kwana biyu ko uku ka duba, a irin iskarmu soson yana bushewa ƙayau da wuri. Idan jaka ce mai laushi gare ka, ba ta riƙe laima, sai ka zura jitar da robar cikin babbar leda tukuna sannan ka sa a jakar. Ƙaramin agogon auna laima ba shi da tsada, in ka samu ka jefa a ciki ka huta da kintace. Kada ka yi gaggawa ka ce za ka kai ta banɗaki ta sha tururi, ko ka fesa mata ruwa. A hankali ta bushe, a hankali za ta dawo, sati biyu zuwa uku. Da damina ta sauka kuma ka fitar da soson, in ba haka ba ka buɗe akwati wata rana ka tarar da fumfuna da tsatsa.

Sau da yawa bayan wannan ƙarafunan suna komawa mazauninsu. In sun ƙi, to katakon ya riga ya tsuke ke nan, sai a goge bakinsu da ƙaramin magagari. Aikin rabin awa ne ga wanda ya iya, kuma a tsakiyar hunturu ya fi kyau a yi shi, lokacin da suka leƙo iya leƙowarsu, yadda ba za a sake ba. Kada ka gwada da magagarin mai walda, zai ci gefen wuyan.

Idan a biki kake kaɗawa, ga wani abu ƙarami. Ana kawo tsire da shinkafa mai maiƙo tsakanin waƙa da waƙa, ana ci a goge hannu a wando a koma kan jita. Rabin annakiyar da nake kankarewa daga nan take. Ka wanke hannu kafin ka ɗauke ta, kada ka shafa basilin a tafin hannu in za ka kaɗa ko da sanyi ya farfasa maka fata, a bayan hannu kaɗai. Ka ajiye guntun singiletin nan a aljihun jakar, in kun tashi ka zura shi ƙarƙashin tsirkiyoyi ka ja daga sama zuwa ƙasa sau biyu. In ka cire tsirkiyoyin ka ga wani ƙarfe yana motsi idan ka danna bakinsa da farce, ko ka ga tsaga a allon kanta, to ka tsaya a wankin kawai, kada mai ya taɓa wurin sai mai gyara ya manne shi.